Matata uku sun ishe ka, sauran ka cire

Ka yi mini tambaya jiya da daddare ina bisa hanya, ban samu na ba ka amsa yadda ya kamata ba. Ka ce masu aikin suna so duk wanda ya buɗe allon bayanan ya iya tace sakamakon binciken makarantun da kansa: ta ƙaramar hukuma, ta makaranta, ta aji, ta jinsi, har ta shekarun ɗalibi. Kana tambaya ko ka yi wa kowanne matata, wato maɓallin tace bayanai, ka jera su duka a sama, tunda Power BI, manhajar da kake gina allon da ita, bai hana ba. Kada ka jera.

Kafin ma mu je can, koma kan teburin amsoshin. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta. Danna matatar ƙaramar hukuma ka ƙirga abin da ya fito. In ka ga sun haura 44, to masu tattara bayanai da hannu suka riƙa rubuta sunayen: wani ya sa Dawakin Tofa, wani D/Tofa, wani ya ƙara sarari a ƙarshe. Kwamfuta ba ta san wuri ɗaya ba ne, gari uku take gani. Yi tebur daban mai suna ɗaya da lamba ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma da kowace makaranta, ka ɗaura amsoshin a kan lambar. Nan gaba kuma, tun a fom ɗin KoboToolbox, manhajar tattara amsoshin, ka sa zaɓa za a yi daga jeri, ba rubutawa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Matata rariya ce, duk wadda ka ƙara garin raguwa yake yi. A ce ɗalibai 3,000 suka amsa. In an raba su daidai, kowace ƙaramar hukuma ba ta kai 70 ba. Mai kallo ya zaɓi makaranta ɗaya, saura wajen 20. Ya zaɓi aji shida, saura shida ko bakwai. Ya zaɓi mata, saura uku. Allonka kuma ba kunya zai zana masa ƙaton zane cewa kashi 67 cikin 100 na 'yan mata sun ce ba sa shiga ban ɗakin makaranta. Yara biyu ne fa cikin uku. Da ɗaya ta yi fashi ranar, da labarin ya zama kashi 50 ko kashi 100. Shi mai kallo bai san haka ba, lamba ya gani, kuma mutanenmu suna girmama lamba in ta fito daga kwamfuta. Don haka kusa da kowane kaso ka sa adadin waɗanda suka amsa, da manyan baƙi, ya riƙa canzawa duk lokacin da aka taɓa matata.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce yaran nan an yi musu alƙawari ba wanda zai san abin da suka faɗa. Na taɓa yin irin wannan aiki farkon shigata harkar, na zuba matata har bakwai ina jin na burge. Akwai tambaya a kan ko malami yana yawan rashin zuwa aji. Wani shugaban makaranta ya zauna ya yi ta tacewa: makarantarsa, aji kaza, mace, shekara kaza, har ya rage yarinya ɗaya tilo. Babu sunanta a ko'ina, amma rajista na gabansa, ya gane ta. Ba a doke ta ba, alhamdu lillahi, amma an kira ta ofis, kuma da aka koma bincike zagaye na biyu duk 'yan ajin "lafiya lau" suka riƙa cewa. Laifina ne, ba na manhaja ba.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: in waɗanda suka rage ba su kai goma ba, zanen ya ɓace, rubutu ya fito cewa amsoshin sun yi kaɗan, a faɗaɗa zaɓi. Wasu a biyar suke tsayawa. Ni in yara ne goma nake sawa. Ka kuma lura da ɗebewa. In allon ya nuna jimillar aji 14, maza 12, ka ɓoye na mata, ai ba ka ɓoye komai ba, ɗan firamare ma zai fitar da amsar biyun nan. In za ka rufe ɗaya, rufe ɗan'uwansa. Kuma wannan ba tausayi kaɗai ba ne: tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar da ke sa ido a kai, kuma dokar ta ƙara tsanantawa a kan bayanan yara.

Shi ya sa nake cewa uku: ƙaramar hukuma, matakin makaranta (firamare ko ƙaramar sakandare), sai jinsi. Shekarun ɗalibi ka cire gaba ɗaya. Matatar makaranta ɗaya-ɗaya kuwa ka ware mata shafinta, inda ba aji ba jinsi, jimilla kawai. In masu aikin sun matsa, kada ka tsaya musu. Buɗe allon a gabansu ka tace har ya rage yaro ɗaya, ka ce su ɗauka ɗansu ne.

Abu biyu na lissafi da na san za su ba ka ciwon kai. Tambayar da ake zaɓar amsa fiye da ɗaya, kamar "me ke hana ka zuwa makaranta", ka raba da adadin yaran da suka amsa, ba da adadin zaɓin da aka yi ba. Jimillar za ta wuce ɗari, daidai ne, rubuta hakan a ƙasan zanen kafin wani ya kira ka ya ce ba ka iya lissafi ba. Na biyu, kada ka haɗa kason makarantu ka raba da yawansu ka kira shi kason ƙaramar hukuma. Makarantar da yara 200 suka amsa ba ɗaya take da mai yara 15 ba. Kullum daga ɗanyen adadi za ka sake lissafawa.

Wajen sakin aikin, ka sani ɓoyewa ba gogewa ba ce. In ka yi amfani da hanyar nan ta Power BI ta wallafa rahoto ga kowa a intanet, ka ɗauka duk abin da ke cikin fayil ɗin a kasuwa ka baje shi, har ginshiƙan da ba ka nuna ba. Suna, lambar wayar iyaye, wurin da GPS ya ɗauka, duk ka goge su tun kafin bayanan su shiga.

Sai ka tuna waye zai kalla. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko jami'in SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a waya zai buɗe, ba a babban allo irin namu na shago ba, wataƙila datarsa ma ta kusa ƙarewa. Matata bakwai za su cinye fuskar wayar bai ga zane ko ɗaya ba. Sa maɓallin da ke mayar da komai farko. Kuma kan shafin ya riƙa faɗin abin da aka zaɓa, misali "Ɗambatta, firamare, mata, amsa 41". Mutane hoton allon suke ɗauka su tura WhatsApp, in hoton bai ɗauke da wannan layin ba, kafin la'asar sakamakon ƙaramar hukuma ɗaya ya zama na jihar Kano baki ɗaya a bakin jama'a.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da shi a wayarka, ba a kwamfuta ba. Ni zan zama shugaban makarantar, in nemi yarinya ɗaya a ciki. In na same ta, za ka sake.