Amsa: Rancen waya, a karɓa ko a bari?

Malam, ka tambayi dalilin bunƙasar kamfanonin ba da rance ta waya, da ko ya dace ka karɓa don ƙara jari a shagonka na babbar kasuwar Gombe.

Banki sai da jingina ko mai tsaya maka. Su kuwa BVN da lambar waya, kuɗi su shigo nan take. Samunsu daga kuɗin ruwa yake, kuma galibi na wata suke faɗa maka, ba na shekara ba. Nan mutane ke ruftawa. Fara lissafa jimillar abin da za ka mayar.

Tabbatar kamfanin yana da rajista da FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Kar ka buɗe masa lambobin da ke wayarka, domin wasu kan tura wa dangi da surukai saƙon tozarci in ka makara.

Hukuncin riba kuwa, tuntuɓi malami, sannan ka leƙa bankin Musulunci irin su Jaiz.