Latti, late da lately: ina bambancinsu?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ranar Litinin na makara zuwa makaranta saboda sai da na kai wa Baba taki gona, malamin Turanci ya ce min "you are late", to kuma a kalandar gidanmu na ga an rubuta "late" gaban sunan kakanmu, wlh abin ya ɗaure min kai. Ɗalibi daga Ringim.

Amsa: Wa'alaikassalam ɗana. Kalma ɗaya ce mai fuska biyu. Late ɗin malaminka ita muka ara muka ce latti, wato makara. Amma in ta zo gaban sunan mutum, kamar "the late Aminu Kano", to marigayi ake nufi, kakanka ba latti yayi ba, Allah ya jiƙansa. Lately kuwa ba ruwanta da makara, kwanan nan take nufi.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shine on time da in time. On time daidai lokacin da aka sa, takwas takwas. In time kuma ka isa kafin abu ya wuce ka, kamar ka iso tasha da haki kwandasta na shirin rufe ƙofa ka samu kujerar ƙarshe. Takin kuma a roƙi Baba ya bari sai Asabar.