Me ya sa ake toshe layin unguwa a Landan, a bar wa keke hanya?

Tambaya: Na ziyarci yayana a Waltham Forest, gabashin Landan, na tarar an tare tsakiyar layinsu da manyan akwatunan furanni. Keke na wucewa, mota kuwa sai ta zagaya. Wannan ba takura wa masu gida ba ne?

Amsa: Malam, ba masu gida aka nufa ba, masu ratse aka nufa. Kowane gida a layin har yanzu mota na isa ƙofarsa. Abin da aka hana shi ne direban da ya gujo wa cunkoson babban titi ya shigo ta wannan baki ya fice ta wancan. Shi ne mai gaggawa, kuma bai san yaran layin ba.

Gudun ne ke kisa. Motar da ke kilomita 30 a awa kan tsaya cikin mita 13 ko kusa da haka. Mai kilomita 50 kuwa, a daidai wannan tazara direbanta bai ma kai ga taka birki ba. Yaron da ya ɓullo kan keke daga bayan motar da aka ajiye, a 'yan mitocin nan ransa yake. Shi ya sa uwa ba ta yarda ɗanta ya hau keke zuwa makaranta sai ta ga layin ya lafa.

Daga Holan aka koyo dabarar. A 1971 haɗarin mota ya kashe mutum sama da 3,000 a can, fiye da 400 yara ne, iyaye suka fito zanga-zanga. A 1977 birnin Groningen ya raba tsakiyarsa kashi huɗu, mota ba ta tsallakawa daga wannan zuwa wancan sai ta koma titin kewaye. Waltham Forest ta samu kuɗin irin wannan aiki a 2014.

Akwai ƙorafin da nake ɗauka da muhimmanci: mazauna babban titi na tsoron a turo musu hayaƙi da hayaniya, ga tsofaffi da naƙasassu da tafiyarsu ta ƙara nisa. Dole a zauna da su kafin a kafa komai. Domin motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana, a wurare da dama kyamara ake sawa maimakon shinge, su wuce, mai ratse a ci shi tara.

Tudun simintin da muke zubawa a layukanmu na gida yana rage gudu a kansa kawai, da an haye sai a sake taka mai, kuma yawan motocin na nan yadda yake.