Tambaya da Amsa: Ya kamata tsohon kwatabak ya ajiye wasa saboda iyalinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne a nan Amurka, kuma ɗana ne ya koya mini kallon ƙwallon ƙasar nan, irin wadda ake sa hular kwano ana ture-ture. Mun daɗe muna gardama da wani abokin aikina a kan kwatabak ɗin nan Tom Brady. Shi yana cewa tunda hannun mutumin bai gaza ba, babu dalilin da zai sa ya zauna a gida a 2022. Ni kuwa ina ganin dawowar da ya yi ce ta raba shi da matarsa. Don Allah a raba mu. Idan kwatabak ya manyanta amma yana iya wasa, ya kamata ya bari saboda iyali?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare hanya, ya raya yaro. Kai da abokinka kowa ya kama wani ɓangare na gaskiya, amma a ganina kai ka fi kusa, ko da yake akwai wurin da zan ja maka birki.

Bari in fara da waɗanda ba su saba da wasan ba. A ƙwallon Amurka kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, kuma ana ba masu kai hari dama huɗu su ci yadi goma. Kwatabak shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowace dama, shi ke karanta tsayuwar abokan hamayya, ya sauya shiri idan ya ga tarko, sannan ya jefa. Tsakanin karɓar ƙwallo da jefa ta, yawanci bai fi daƙiƙa uku yake da ita ba. A cikin wannan ɗan lokaci ƙarti huɗu ko biyar ne ke neman kai shi ƙasa, wasunsu sun haura kilo 130. Idonsa yana can nesa wajen wanda zai jefa wa, don haka sau da yawa ba ya ganin mai zuwa ta bayansa sai ya ji shi a haƙarƙari. Tun daga 2021 wasa 17 ake yi a kaka, daga Satumba zuwa Janairu, ban da wasannin sili-ɗaya-ƙwale.

Abin da mai kallo ba ya gani shi ne sauran kwana shida na mako. Kwatabak shi ne ɗan wasan da ya fi kowa karatu a ƙungiya. Litinin duba bidiyon wasan jiya da gasa jiki. Talata, wadda ake kira ranar hutu, yawancinsu suna zaune gaban allo suna nazarin abokan karawa na gaba. Laraba zuwa Juma'a atisaye da taro tun da sassafe. Asabar tafiya ko kwana a otal tare da ƙungiya. Sansanin horo kuma tun ƙarshen Yuli ake buɗe shi. To mutumin da ya kai shekara 40 yana wannan, sai ya ƙara ninkin aiki a kan jikinsa kafin ya yi daidai da yara masu shekara 24: tausa, kiyaye abinci, barci da wuri. Ko yana gida, gidan ne ke bin tsarinsa. Wannan shi ne abin da iyali ke biya, kuma kowace shekara farashin ƙaruwa yake yi.

Yanzu ga Brady. An haife shi a 1977. Ƙungiyar New England Patriots ta ɗauke shi a 2000 a matsayin mutum na 199, wato bayan an gama kwashe waɗanda ake ganin su ne gwanaye. Ya yi musu kaka 20, ya ci kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar ƙwallon Amurka ta NFL, sau shida. Ya koma Tampa Bay Buccaneers a 2020, ya ci na bakwai a Fabrairun 2021 yana da shekara 43, inda suka doke Kansas City Chiefs 31 da 9. Shi da kansa ya ba da labari cewa a daren nan, yana rungumar matarsa Gisele Bündchen a fili, ta tambaye shi me kuma ya rage da zai nuna wa duniya. Ka riƙe wannan tambayar, domin ita ce gindin maganar.

Abokinka yana da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan tauye masa ba. A kakar 2021, yana da shekara 44, Brady ne ya fi kowa yadin jifa a duk gasar, yadi 5,316, da jifan ci 43. Wasansa na ƙarshe a kakar, Los Angeles Rams suna gaba 27 da 3, ya farke har aka yi kunnen doki, kafin a cinye su 30 da 27 a daƙiƙar ƙarshe. Wanda ya yi wannan ba za ka ce masa ya tsufa ba. Kuma ya daɗe yana faɗa cewa burinsa ya yi wasa har shekara 45.

Sai ranar 1 ga Fabrairun 2022 ya fito ya ce ya ajiye. Ranar 13 ga Maris, bayan kwana 40, ya ce ya fasa. A nan ne nake ganin kuskuren yake. Magana zarar bunu ce. Mace ta yi shekara 13 tana tsara rayuwarta da ta yara a kan jadawalin miji, ta rage nata aikin alhali ita ma shahararriya ce a sana'arta ta tallan tufafi, sai aka ce mata an gama, duniya ta ji, yara suka ji. Kafin a yi wata biyu aka ce a mayar da kaya inda suke. Da tun farko ya ce mata saura kaka ɗaya, kamar yadda ya sha faɗa, ciwon ba zai kai haka ba. A watan Agustan shekarar ya bar sansanin horo na kwana 11 saboda dalilan gida, abin da ba a saba gani daga gare shi ba. A Satumba wata mujalla ta fitar da hira da Gisele inda ta ce wasan yana da haɗari ƙwarai, kuma tana son ya ƙara zama tare da yaransa. Ranar 28 ga Oktoba suka sanar da rabuwa.

Ga inda zan ja maka birki. Tsakanin miji da mata sai Allah. Ita Gisele ta fito daga baya, a 2023, ta ƙaryata cewa ta ba shi zaɓi tsakanin ita da ƙwallo, ta ce aure ba ya mutuwa a dare ɗaya, kuma sun daɗe da fara son abubuwa daban-daban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka kar ka ce wa abokinka ƙwallo ce ta kashe auren, domin ba ka da shaida, ni ma ba ni da ita. Abin da za ka iya cewa da gaba gaɗi shi ne matar ta faɗi damuwarta a bainar jama'a, ya san da ita, ya koma fili duk da haka.

Me ya samu a kakar da ya dawo dominta? Tampa Bay ta ci wasa 8, ta faɗi 9, karo na farko da ya gama kaka da rashin nasara fiye da nasara tun da ya zama kwatabak ɗin da ake fara wasa da shi. Sun lallaɓa sun shiga zagaye na gaba, Dallas Cowboys suka fitar da su 31 da 14 a filin Tampa Bay, a wasan da ya yi jifa 66 yana neman mafita. Ranar 1 ga Fabrairun 2023 ya fitar da ɗan gajeren bidiyo da ya ɗauka shi kaɗai a bakin teku, ya ce wannan karon ya tafi ke nan. Kuɗi ma ba su ne suka dawo da shi ba, domin tun a watan Mayun 2022 tashar Fox ta sanar cewa aikin sharhi yana jiransa, kwantiragin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 375 a shekara goma. Sabo ne. Wanda ya taɓa zama kusa da tsohon ɗan dambe lokacin da aka fara kiɗa ya san abin da nake nufi: ƙafar ce ke fara motsi kafin mai ita ya sani.

Ina so ka ajiye Brady kusa da wani mutum, Andrew Luck na Indianapolis Colts. Shi ne na farko da aka ɗauka a 2012, kuma kowa na ganin shi ne zai gaji manya. A shekaru kaɗan ƙodarsa ta tsage, guringuntsin haƙarƙarinsa ya yage, ya bugu a ka, kafaɗar da yake jifa da ita ta lalace har ya rasa kakar 2017 gaba ɗaya. Ya dawo a 2018 ya yi wasa mai kyau. Ranar 24 ga Agustan 2019, ana cikin wasan share fage da Chicago Bears a filin Colts, labari ya fasu a wayoyin 'yan kallo cewa zai yi ritaya. Yana tsaye a gefen fili cikin kayan gida. Da aka tashi, yana tafiya zuwa ɗakin sauya kaya, magoya bayansa, mutanen da ya ba wa ƙodarsa, suka yi masa ihu. Shekararsa 29, matarsa tana da cikin fari. Ya tsaya gaban 'yan jarida muryarsa na rawa, ya ce ya gaji da zagayen rauni da ciwo da jinya, abin ya cire masa daɗin wasan. Har yau idan na tuna ihun nan raina yana ɓaci. Ɗan kallo yana son ka ne muddin kana jifa, kuma ba shi zai tashi da dare ya taimaka maka ka juya a gado ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin ku biyun kun tsallake. Kuna auna maganar da lokaci, wato kwana nawa mutum yake gida. Akwai kuma jikin da zai koma gidan da shi. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da suka rasu, suka sami cutar CTE a 110. Cuta ce da ke biyo bayan yawan buguwar kai, tana taɓa tunani da hali, kuma ba a tabbatar da ita sai bayan mutuwa. A yi adalci, iyalan da suka ba da ƙwaƙwalen galibi waɗanda suka ga alamun ciwo ne, don haka adadin ba ya nufin kowane ɗan wasa haka yake. Amma ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani. Ken Stabler, kwatabak ɗin Oakland Raiders da ya rasu a 2015, an same shi da ita. Brett Favre, wani kwatabak da ya yi wasa 297 a jere ba fashi, ya yi ritaya a 2008 ya dawo, ya ci gaba har kakar 2010, ya sanar a Satumban 2024 cewa yana fama da cutar Parkinson, mai sa karkarwa. Ba zan ce kakar ƙarshe ce ta jawo masa ba, amma kowace ƙarin kaka ƙarin duka ne, kuma jikin mai shekara 40 ba ya warkewa kamar na da. Aaron Rodgers yana da shekara 39 agararsa ta tsinke a taɓa ƙwallo ta huɗu a wasansa na farko da New York Jets a 2023.

Peyton Manning shi ya dace da fita mai kyau: an yi masa tiyata a wuya fiye da sau ɗaya, hannunsa ya yi sanyi, ya ci Super Bowl da Denver Broncos a Fabrairun 2016, wata mai zuwa ya tafi bai waiwayo ba. Amma shi jikinsa ne ya yanke masa hukunci, bai sha wahalar zaɓi irin ta Brady ba.

To amsata ita ce e, a yanayin Brady ya kamata ya tsaya a kan ritayarsa ta farko. Ya riga ya ci kofin Super Bowl bakwai, fiye da kowace ƙungiya a tarihin gasar. Ba ya neman abin sawa a bakin salati. Yaransa uku sun kai shekarun da suke sanin uba yana nan ko ba ya nan. Abokiyar zamansa ta faɗa da bakinta cewa tana tsoro. Idan waɗannan huɗun suka haɗu, ƙarfin hannu bai isa ya rinjaye su ba. Da a ce kwatabak ne mai jiran gado wanda bai tara komai ba, yana fafutukar kwantiragi ɗaya da zai rufa wa gidansa asiri, kuma matarsa ta amince, da amsata ta sauya, domin shi fitarsa fili ita ce hidimar iyalin.

Kuma ban yarda da masu cewa hukunci nasa ne shi kaɗai tunda jikinsa ne ba. Ranar da mutum ya yi aure ya haihu, jikin nan ya zama akwai masu haƙƙi a kansa. Shawarar ta ɗaki ce, a zauna a faɗi shekara, a faɗi wata, kuma idan lokacin ya zo a cika, ko da hannu yana nan da ƙarfinsa.

Na lura da sana'arka, kuma ina jin tambayar ba ta Brady ce kaɗai ba. Kai ba ka da kwantiragin Fox yana jiranka, don haka kar ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Amma tunda yaron nan shi ya koya maka wasan, idan da hali ka nemi kamfaninku su riƙa tsara maka lodi yadda za ka kwana gida ranar Asabar daga Satumba zuwa Janairu. Wasannin Lahadi da ƙarfe ɗaya na rana suke farawa a agogon gabashin ƙasar, ku zauna tare ya ci gaba da yi maka bayani.