Amsa ga ɗan'uwan da ke son fitowa takarar sherif

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce ka daɗe kana aikin ɗan sanda, mutanen gundumarku sun san ka sun kuma yarda da kai, kana tambaya ko hakan ya isa ka fito takarar sherif, wato zaɓaɓɓen shugaban jami'an tsaron gunduma. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don da irin wannan lissafin ni ma na fito a nan jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kuma har yau ban gama farfaɗowa ba.

Abu ɗaya ba ka faɗa mana ba: a ƙarƙashin sherif ɗin da za ka kara da shi kake aiki, ko kana cikin 'yan sandan birni? Nan gizo ke saƙar. A jiharmu doka ta ba sherif ikon ɗaukar mataimakansa da sallamarsu yadda ya ga dama. Ni a ƙarƙashinsa nake. Na je na biya kuɗin shiga takara, kashi 1 cikin 100 na albashin kujerar na shekara, ba a jima ba aka kira ni ofis aka karɓe bindiga da bajo da makullin mota. Inshorar lafiyar iyalina ta bi aikin. Don Allah ka ga lauya kan dokar jiharku da maganar fanshonka kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Korar ma ba ta yi mini ciwo kamar wanda ya raka ni bakin ƙofa ba. Yaro ne da ni na koya masa rubuta rahoto, ni na tsaya masa lokacin da aka so sallamarsa tun yana sabon ɗauka. Duk Sallah a gidana yake cin nama, matata har ƙunshi take yi masa ya kai wa mahaifiyarsa. Shi ya ɗauko mini kwalin kayana, ko idona bai iya kalla ba. Na ce to, umarni aka ba shi. Ashe somin taɓi ne. Shi ne daga baya ya riƙa bin shagunan aski da hotona na ranar Idi cikin babbar riga, yana cewa in na hau zan cika ofis da 'yan ƙasarmu. Mutumin da ya san daren da na kwana asibiti a kan wani abokin aikinmu da aka harba! An ƙara masa girma bayan zaɓe. Mun haɗu a kanti ya miƙo hannu, na karɓa saboda 'yata na tsaye, amma na bar shi da Allah.

Maganar yarda kuma, ka zauna ka ƙidaya masu ƙuri'a a cikin masu yaba maka. Namu sun cika masallaci da addu'a, Allah Ya saka musu, sai dai da yawansu katin zama kawai gare su, ba su zama 'yan ƙasa ba. Masu takardar kuma babban zaɓen Nuwamba suka sani, alhali a zaɓen fidda gwani aka gama da ni, ranar da kowa ke wurin aiki.

Ba ina cewa ba ya yiwuwa ba. A 2018 Danny Rogers ya kayar da BJ Barnes a Guilford, gundumar da Greensboro take, inda 'yan'uwanmu na Nijar suke da yawa, bayan Barnes ya riƙe kujerar tun 1994. A wannan shekarar kuma Garry McFadden ya ci gundumar Mecklenburg. Shi ma tsohon ɗan sanda ne, amma abin da mutane suka riƙe shi ne alkawarinsa na soke yarjejeniyar 287(g), wadda ke sa ofishin sherif taya ICE, hukumar shige da fice ta Amurka, aikin gano baƙin haure, kuma yana hawa ya soke. Ka ga magana ɗaya ce da kowa zai iya maimaitawa. Kai mece ce taka? Shekarun aiki kowane ɗan takara yana da su, mai ci ma ya fi ka. Kuma ka shirya wa tambayar ICE ɗin nan, namu za su yi maka ita, su ma masu goyon bayan ICE za su yi, amsa ɗaya kuma ba ta gamsar da duka biyun. Mu a nan tun 2024 majalisar jiha ta tilasta wa sherif ba ICE haɗin kai, don haka kar ka yi alkawarin abin da doka ta riga ta karɓe daga hannunka.

Ka kuma san gidan yari. Mu 'yan sintiri raina shi muke yi, alhali kaso mai tsoka na kasafin sherif can yake tafiya, kuma in fursuna ya mutu a ciki sunanka za a kira. Ranar muhawara a kan ƙarancin masu gadin fursuna aka yi ta tambaya, da kai takardun tashin 'yan haya, ba wanda ya damu da yawan ɓarayin da na kama.

Uwargida fa, ta amince? Tawa ce ta riƙe gidan da aikin dare har na samu gadi a wani kamfani. Ka turo mini sunan jiharku ta akwati, mu duba ranar rufe rajista tare.