Yayana ya ce a daina yaƙin Yaman, na kira shi munafuki: wa ke da gaskiya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, shagonmu ɗaya da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Musu ya haɗa mu a kan yaƙin Yaman. Shi ya ce yaƙin ya isa haka, tsagaita wutar da aka yi alheri ce, a zauna a yi sulhu. Ni kuwa na ce ba a fara yaƙi da 'yan bidi'a a tsaya a rabi, in an tsaya jinin waɗanda suka mutu ya tafi a banza. Na kuma ji wani mai wa'azi a waya yana cewa ayar takobi ta shafe ayar sulhu. Da musu ya yi zafi na ce masa munafuki. Yau wata huɗu ba ma gaisawa, ko maganar ciniki sai ta bakin yaron shago. Hajiyarmu ta yi magana har ta gaji. Wa ke da gaskiya? Kuma mai kiran a daina yaƙi bai shiga cikin masu gudu daga fagen fama ba?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya. Da na karanta saƙonka, inda idona ya tsaya shi ne wata huɗun nan da kuma Hajiya da ta yi magana har ta gaji. Zan dawo kansu. Bari mu fara da abin da ka tambaya.

Gudu daga fagen fama yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, babu saɓani. Amma hukunci ne na sojan da ke tsaye a sahu ya juya baya ranar haɗuwa. Yayanka yana shago a Sabon Gari, ba ya cikin sahun kowa. Ci gaba da yaƙi ko dakatar da shi shawara ce ta shugabanni, kuma wanda ya faɗi ra'ayinsa a kanta bai gudu daga ko'ina ba.

Akwai abin da ka wuce shi da sauri, alhali shi ne ke juya hukuncin: su wa ake yaƙa? Tun da 'yan tawayen Huthi suka kama San'a, babban birnin Yaman, a watan Satumba na 2014, rundunar ƙawance ƙarƙashin Saudiyya ta fara kai hari a watan Maris na 2015, waɗanda ke mutuwa ta kowane ɓangare masu kalmar shahada ne, masu fuskantar alƙibla. Ka ce 'yan bidi'a ne. Ko da an sallama maka, bidi'a daban, kafirci daban, kuma yawancin gawarwakin ma ba na mayaƙa ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 377,000 sun rasu zuwa ƙarshen 2021, fiye da rabinsu yunwa da cuta da rashin magani ne suka kashe su, kuma ƙananan yara sun fi yawa. Jaririn da amai da gudawa ya ɗauke a Hudaida, wace bidi'a ya yi? Babin da wannan faɗa ya faɗa cikinsa shi ne na aya ta 9 a Suratul Hujurat, wadda ta buɗe da umarnin a yi sulhu, ta rufe da umarnin a yi sulhu. Yaƙar wanda ya yi zalunci da ta ambata a tsakiya, iyakarsa ita ce ya dawo kan umarnin Allah. Shi ya sa malaman fiƙihu suka ce ba a ƙarasa wanda aka ji wa rauni a irin wannan yaƙi, ba a bin wanda ya gudu, ba a raba dukiyarsu ganima. Haka Sayyidina Aliyu ya yi bayan yaƙin Raƙumi, wanda aka yi tsakanin Musulmi.

Kada ka ɗauka ina wanke wani ɓangare ne. An harba makamai masu linzami kan garuruwan Saudiyya da fararen hula a ciki, wannan zalunci ne. An kuma jefa bam kan zaman makoki a San'a a 2016, aka jefa kan motar yara 'yan makaranta a lardin Sa'ada a 2018, wannan ma zalunci ne. Wanda zuciyarsa ke ƙuna da ɗaya ta yi sanyi da ɗayan, ya binciki zuciyar.

Yanzu maganar mai wa'azin nan, don ita ce ta ɗaure maka gindi. Ayar sulhun da yake nufi ita ce ta 61 a Suratul Anfal: “In sun karkata zuwa ga zaman lafiya, kai ma ka karkata gare shi, ka dogara ga Allah.” Ba shi ya ƙirƙiro zancen shafewar ba, an ruwaito shi daga wasu magabata irin su Ƙatada da Ikrima, Allah ya jiƙansu. Sai dai ra'ayi ne mai rauni, kuma manyan malaman tafsiri sun mayar da shi. Imamuɗ Ɗabari ya ce babu abin da ke nuna shafewar a Littafi ko a Sunna. Ibnu Kasir ya kawo ra'ayin sannan ya ce akwai abin dubawa a cikinsa. Ƙa'idar da ɗalibi ke fara koya a usul, wato ilmin tushen fiƙihu, ita ce ba a cewa aya ta shafe aya sai in an rasa hanyar aiki da su duka biyun. A nan hanyar a buɗe take: ɗaya tana magana kan abokin gaban da ya warware alkawari ya ɗaga makami, ɗayar kan wanda ya miƙo hannu. Mai wa'azin da ya karanta muku ayar takobi, wato aya ta 5 a Suratut Tauba, me ya hana shi karanta ta 4 da ke gabanta, wadda ta ce a cika wa masu alkawari alkawarinsu zuwa wa'adinsu? Ko ta 7, wadda ta ce muddin sun tsaya muku kan alkawari ku ma ku tsaya musu? Sura ɗaya ce, ayoyin kuma suna kusa da juna.

Sannan in an shafe ta, me babin sulhu ke yi a littattafan mazhabobi huɗu? A Muhtasar ɗin Shehu Halil, wanda ake biyawa a zaurukan cikin birnin nan tun kakanninmu, an ce shugaba yana da ikon ƙulla sulhu saboda maslaha, kuma ba shi da iyakar lokaci da aka yanke, ko da yake an so kada ya wuce wata huɗu in babu buƙata. Imamu Shafi'i da ya tsananta, iyaka ya sa ta shekara goma, gwargwadon sulhun Hudaibiyya, bai ce haramun ba ne. Sahabbai ma sun yi aiki da shi bayan wafatin Annabi (SAW): a zamanin Sayyidina Usmanu, Abdullahi ɗan Sa'ad ya ƙulla yarjejeniya da mutanen Nuba, a ƙasar Sudan ta yau, ta kuma daɗe ƙarnoni. Masu cewa an shafe ayar sulhu kan kawo ayar Suratu Muhammad mai hana yin rauni da kiran sulhu alhali ku ne a sama. Ayar ta zo da sharaɗinta a cikinta. Wanda ya shekara bakwai yana ruwan wuta bai kai inda ya nufa ba, sai kaburbura da ke ƙaruwa, ba shi ayar ke nufi ba. Kuma duk wannan muhawara a kan sulhu da wanda ba Musulmi ba ce. In ya halatta da mushrikan Makka, da mai salla fa?

Saura zancen jinin da zai tafi a banza. Na san maganar tana da daɗin ji, amma da ita ake tsawaita yaƙe-yaƙe. Wanda ya mutu da kyakkyawar niyya ladansa yana wurin Allah, mutuwar wani bayansa ba ta ƙara masa komai. A shekara ta 8 bayan hijira Annabi (SAW) ya kewaye Ɗa'ifa, aka harbe sahabbai da kibau daga saman ganuwa, garin bai buɗu ba. Ya ce gobe za mu koma in sha Allah. Abin ya yi wa sahabbai nauyi, suka ce mu tafi ba mu ci garin ba? Ya ce to ku yi sammakon yaƙi. Suka fita, suka dawo da raunuka. Da ya maimaita maganar komawa sai suka yi murna, shi kuma ya yi dariya. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Shekara na zagayowa mutanen Saƙif, ƙabilar Ɗa'ifa, suka zo Madina da ƙafarsu suka musulunta. Umaru ɗan Abdul'aziz kuwa, da ya hau halifanci a shekara ta 99, ya tarar da rundunar Musulmi ƙarƙashin Maslama tana kewaye da birnin da yau ake kira Santambul, yunwa da sanyi sun ci ta. Ya aika musu abinci da dawaki, ya ce su dawo gida. Ban san malamin da ya kira shi matsoraci ba.

Don haka hukuncin shi ne: maganar yayanka halal ce, kuma a irin wannan yaƙi ita ta fi kusa da abin da Allah ya yi umarni. Tsagaita wutar da ta fara a watan Afrilu na 2022, daidai da shigowar azumi, abin a yi wa Allah godiya ne. In nufinka shi ne kada a sakar wa mai makami ƙasa ba tare da sharaɗi ba, wannan ra'ayi yana da wurin zama a teburin sulhu, inda ake tattauna sharuɗɗa. Bai kai hujjar a ci gaba da kashe-kashe ba.

Kalmar munafuki kuwa, ita ce zunubin da na tabbatar an aikata a duk labarin nan, kuma daga bakinka ta fito. In kana nufin munafuncin zuciya ne, ka yi da'awar sanin abin da Allah kaɗai ya sani. Ga ƙauracewa fiye da kwana uku, ga yanke zumunci, ga ɓacin ran mahaifiya, a kan yaƙin da ko sunanku masu yin sa ba su sani ba. Garin nan namu ya ga jini, mun san yadda maganar majalisa ke zama makoki, don haka ina jin tsoron irin wa'azin da ke shigo muku ta waya, guntun minti biyu, ba a san farkonsa ba balle ƙarshensa. Ka rage sauraronsa. In kana son ilmin wannan babi, ka ɗauki littafi ka zauna gaban malami a fara daga tsarki.

Gobe bayan sallar asuba ka je gidan yayanka, kada ka jira a haɗu a shago gaban yara. Ka yi sallama, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ƙane ke gaida wansa, ka ce Yaya na yi kuskure, ka yafe mini. Kada ka ɗauko zancen Yaman, ko shi ya ɗauko ka ce a bar shi. Daga nan ku wuce wurin Hajiya tare, ta gan ku kun shigo ƙofa ɗaya. Mutanen Yaman kuma ka sa su a addu'arka ta sujada, dukansu.

Wallahu a'alam.