Akuya ta ƙi ɗanta: wace madara zan saya?

Saƙon farko na wannan satin daga wata baiwar Allah ne a unguwar Rikkos a Jos, da asuba ya shigo, daga yadda ta rubuta ma ka san hankalinta a tashe yake. Na amsa mata a take don abin baya jira, amma bari in maimaita a nan saboda lokacin sanyi ne kuma tambayar tana yawan zuwa. Tace: "Malam don Allah a taimaka, akuyata ta haihu jiya da daddare, haihuwar fari ce, biyu ta haifa, ta karɓi ɗaya tana ta lasarsa amma ɗayan da ya matso sai ta tunkuye shi. Tun jiya yake kuka har muryar ta fara dishewa. Maƙwabciyata tace in sayo madarar jarirai a kemis, maigida yace madarar gari ta shayi ma ta isa, wata kuma tace in tari 'yan Fulani masu nono. Wanne zan saya?"

Hajiya sannu, Allah ya raya. Yau dai ki ɗaure kuɗinki a bakin zani ki nemo igiya. Abinda ɗan nan yake buƙata a ranar farko babu shi a kemis, babu shi a kasuwar Terminus, yana nan cikin hantsar uwar da ta ƙi shi, wato dakashi, wannan nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa, irin wanda a da wasu iyayenmu ke matsewa su zubar wai datti ne alhali shi ne maganin. Ɗan akuya yana zuwa duniya ne babu garkuwar jiki, a cikin dakashi yake samunta, kuma hanjinsa yana iya ɗaukarta ne a awannin farko kawai, awa shida na farko sun fi, in aka kwana aka yini ya wuce awa 24 toh ƙofar ta kusa rufewa. Ko buhun madara kika saya masa bayan nan bazai maye gurbin wannan ba, shi yasa zaki ga wani an shayar da shi sati guda kamar ya tashi, sai zawo ya kwashe shi a dare ɗaya.

Amma kafin ki ba shi komai, sa ɗan yatsanki a bakinsa. In kin ji ɗumi kuma ya kama yana tsotsa, alhamdulillah. In kin ji bakin da sanyi kamar randa, kada ki ɗura masa ko ɗigo, ɗumama shi tukuna. Ni na taɓa yin wannan kuskuren shekarun baya, wata Janairu hazo ya sauko, na tarar da ɗan a kwance jikin bango ya sandare, tausayi ya sa na kwantar da shi rigingine a cinyata na ɗura masa madara, tana fitowa ta hanci ina ƙara masa, kafin azahar ya mutu. Madarar huhu ta shiga. Har yau in na tuna abin yana min ciwo wallahi. Ki goge shi da tsumma ya bushe sarai, ki zuba ruwan zafi a gora ki naɗe ta da tawul ki ajiye jikinsa cikin kwali, ko ki rungume shi cikin zani a jikinki, sai bakin yayi ɗumi ya fara neman tsotso sannan a yi maganar abinci.

Toh sai uwar. Ki ɗaure ta gajere a jikin turke, wani ya riƙe ƙahon ko ya matse ta da bango, ki zuba mata dusa a gaba don hankalinta ya rabu biyu. Ki fara tatsa sau biyu uku da hannunki saboda bakin nonon yakan toshe da wani abu kamar kakin zuma, ɗa marar ƙarfi baya iya cire shi. Ki taɓa hantsar kuma, in ɓangare ɗaya yayi zafi yayi tauri ko nonon ya fito da gudaji ko jini, toh ciwo ne ke sa ta harbi, ba ƙiyayya bace, wannan sai likitan dabbobi. In lafiya lau take, ki kai bakinsa ki matsa masa kaɗan a harshe. In ya kasa kamawa ki tatsa a kofi mai tsabta ki ba shi da sirinji marar allura ta gefen baki, a hankali, yana tsaye ko yana zaune a kan ƙirjinsa, yana haɗiyewa kina ƙarawa. Ɗan akuyarmu na gida da wuya ya wuce kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, 'yan biyu ma sun fi ƙanƙanta, abinda ake so a ranar farko kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ne, wato mililita 150 zuwa 200, bai kai rabin ledar fiya wata ba, kuma ba a zama ɗaya ba, kamar mililita 25 duk bayan awa uku zuwa huɗu harda dare. Ki sayi aidin ki tsoma cibiyar, wannan kam sayayya ce da ta zama dole kuma bata da tsada.

Kar ki yi saurin fidda rai da uwar. Mai haihuwar fari sau da yawa ruɗewa take yi, ta shagala da lasar na farko na biyun ya faɗo a gefe ya bushe bata shinshina shi ba, ita kuma akuya da wari take gane nata. Ki ware su su uku a ɗan lungu, babu sauran awaki babu yara masu ɗauka suna saukewa, ki shafa nononta a kansa da gindin wutsiyarsa, wasu suna barbaɗa 'yar dusa a bayansa don ta lasa. Ki riƙa riƙe ta sau huɗu sau biyar a rana. Bayan kwana uku huɗu, da nononta ya ratsa cikinsa kashinsa ya ɗauki warinta, da yawa sai ki ga da kanta ta juyo ta shinshina wutsiyar ta tsaya. In kuma tana dukansa da ƙaho da gaske kar ki bar su tare ba kowa, kwali a kusa da ita ya isa. Ko ma bata karɓe shi ba har abada, muddin tana da nono, tatsa ki ba shi ya fi duk abinda zaki saya.

Yanzu maganar saye, in nonon bai isa biyu ba. Na farko nonon wata akuyar, ki tambayi maƙwabta. Na biyu madarar shanu sabuwa, ki faɗa wa 'yar Fulanin ƙarara cewa ɗanyar madara kike so ta safiyar nan, ba nono mai tsami ba, ba kindirmo ba, ba wadda aka cire wa mai ba, ki tafasa ta saboda bakkale da tarin fuka, cututtukan da ke bin ɗanyar madara har su kama mutum, sannan ki bari ta huce daidai ɗumin jiki, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji. Na uku madarar gari, amma maigida ya duba jikin gwangwanin, akwai mai cikakken man shanu wadda ake cewa ful kirim, akwai wadda aka cire man aka sa man itace, irin da yawa daga ƙananan leda na masu shayi, ta farkon ake so, kamar gram 130 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, kuma banda sukari. Madarar jarirai ta kemis kuwa ki bar ta, ga tsada ga shi an yi ta ne don ɗan mutum, sinadarin gina jikin da ke cikinta bai kai rabin na nonon akuya ba. Duk wadda kika zaɓa ki tsaya a kanta, canji yau wannan gobe waccan shi ke kawo zawo. Fida ta yara ta isa, hujin ya zama in kin kifa ta tana ɗiga ne ba zuba ba, ki wanke ta da ruwan zafi duk shayarwa. Ki bar shi da 'yar yunwa ya fi ki cika masa ciki, zai ta kuka yana bin ƙafarki, kar ya yaudare ki. Ki riƙa goge masa gindi da tsumma mai ɗumi kamar yadda uwar zata lasa, kashin farko baƙi ne mai danƙo, na bayansa rawaya, yakan bushe ya toshe wajen.

Wani matashi daga Bukuru kuma uwar ce ta mutu wajen haihuwa, ɗan ya kwana biyar a madarar shanu, yana tambaya ko ya shiga Kara ya sayo akuya mai shayarwa ya huta.

Ɗan'uwa ni dai bazan ba ka wannan shawarar ba. Akuyar da ba ita ta haifa ba da wuya ta karɓa da kanta, riƙon da kake gudu shi zaka koma yi, sannan dabbar kasuwa ta cuɗanya da ɗaruruwa daga garuruwa daban daban, kana iya sayo PPR da kuɗinka, ciwon nan mai majina da gyambon baki da zawo da ke share garke, ga ɗan naka kuma mai yiwuwa bai sha dakashi sosai ba. In akwai wadda ɗanta ya mutu a unguwa, wadda ka san gidan, wannan daban, ko aro ma sai a yi. In ba haka ba ci gaba da fidar ka, sau huɗu a rana yanzu, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan yadda yake girma, daga sati biyu ka rataya masa harawa mai laushi da ruwa a gefe ya fara taɓawa, wajen wata ɗaya ka koma sau uku, yaye kuma sai wata biyu da rabi zuwa uku in yana cin abinci sosai. Kuɗin akuyar ka rage a ciki ka yi wa sauran rigakafi, muna da sa'a Vom na nan kusa da kai, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke can tun 1924 ita ke yin allurar PPR, likitan dabbobi zai samo maka, shi ɗan kuma sai ya kai wata uku zuwa huɗu.

Sai wata uwa daga Unguwar Rogo da tace tana kwana da nata ɗan akuyar a kicin ta bar masa gawayi a kasko, kuma ta fara dama masa koko saboda madara tayi tsada, ko ya halatta? Mama gawayin nan a ɗaki rufe yana kashe mutum ma balle ɗan akuya, hayaƙin da ba a gani baya wari shi ne mugun, ki fitar da shi yau, kwali da tsofaffin tsummokara da gorar ruwan zafi sun wadatar, in kina da tsohuwar safa babba ko hannun suwaita ki yanke ki sa masa. Kokon kuma cikinsa bai kai ba, tumbin da ke narka hatsi da ciyawa bai fara aiki ba a satuttukan farko, kumburi da zawo kawai zai jawo. In kuɗi ne matsalar ki daidaita da 'yar Fulani ɗaya ta riƙa kawo miki rabin lita kullum da safe, a wannan girman nasa ta ishe shi. In zawon ya riga ya fara, ki haɗa masa ORS na yara ki riƙa ba shi tsakanin shayarwa, in kuma kin ga ido ya faɗa ko ya daina tsotsa kar ki kwana da shi, ki kai shi asibitin dabbobi.